Harafi Ɗaya

Ranar Alhamis, ana gobe za a ɗaura mini aure, na yi wa Gwaggo ƙarya na ce zan je wurin tela a rage mini hannun riga.

Ta bi ni da kallon wadda ta gane ƙarya amma ba ta da lokacin tonawa. Ta ce amarya ba ta yawo, in kuwa ya zama dole sai dai Yaya Hindatu ta raka ni, kuma mu dawo kafin azahar, don lallen da ta kwaɓa ba zai jira kowa ba. Na zura hijabi, na soke littafin a hammata, muka fita.

Littafin ba nawa ba ne. Na Mushe Isufu ne (mu nan Mushe muke ce wa malamin boko), tsohon malamin makaranta mai ɗan shagon littattafai a bayan masallacin unguwarmu, nan cikin Magarya. Na karɓe shi don in karanta kwana uku, sai da ya yi wata ɗaya da rabi a ƙarƙashin matashina. Na ce wa kaina ba zan shiga gidan miji da kayan mutane ba. Wannan kam gaskiya ne. Abin da na ƙi gaya wa kaina shi ne, na san ranar Alhamis Ubaidullah yake kawo wa shagon kaya daga Kano.

Yadda muka haɗu da Ubaidullah ba shi ne labarin ba. A shagon nan ne dai, yana sauke kwali daga bayan babur, ni kuma ina neman kashi na uku na wani littafi da ya hana ni barci. Shekara biyu muna tare kafin magana ta kai kunnen Baba.

Baba bai tsane shi ba. Ya dai tambayi asalinsa, aka ce mutanen wani ƙauye ne gaba da Dungas, suna noma suna kiwo. Uwarsa ƴar Babura ce a Najeriya, can ya yi makaranta a wurin kawunnansa, ya dawo da takardar da ba ta ba shi aiki a nan. Baba kuwa shekara talatin ya yi a meri, ofishin magajin gari, yana rubuta takardun haihuwa da na aure kafin ya ajiye aiki, mutum ne da bai yarda da abin da ba a rubuce yake ba. Ya kira Ubaidullah zaure, ina bayan ƙofa ina ji.

“Ruma'isa malamar lakwal ce, a makarantar boko take koyarwa, ba zan kai ta bakin garke ba,” in ji Baba. “Na ba ka shekara ɗaya. Ka mallaki gida a cikin Magarya, da takardarsa da sunanka. In ka yi, taka ce, na ɗauki alkawari. Amma kafin nan ba zance, ba waya.”

Ubaidullah ya ce ya ji ya yarda. Muka riƙe sharaɗin nan kamar azumi, ni da shi. Wata goma ban ji muryarsa ba. Ina zuwa shagon ranakun da na san ba ya nan, in taɓa sababbin littattafai in san hannunsa ya bi ta kansu, shi ke nan rabona.

A gida kuwa ba a bar ni na huta ba. Gwaggo ba ta da hira sai ta Mahdi, ɗan aminin Baba, ma'aikacin asibiti, wanda ya yi shekara uku yana jirana ba tare da ya taɓa ɗaga mini murya ba. Shi ke zuwa auna wa Baba jini duk mako. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Ana cikin haka wata mai kai kaya Babura ta kawo labari wai an ga Ubaidullah yana zama a ƙofar gidan kawunsa, kuma kawun yana da ƴanmata. Na ce ƙarya ne, amma maganar ta sami wurin zama a zuciyata.

Sai ranar da Mushe Isufu ya miƙo mini littafin nan ya ce an ce a ba ni hannu da hannu. Na kai ɗaki na buɗe, takarda ta faɗo, ƴar guntuwa, layi uku.

“Ruma'isa, na chika alkawari. Ki gaya wa Baba. Allah ne shaida.”

Mu da muka yi makaranta da Faransanci, in muka ga c da h a jere, sh muke karantawa, kamar farkon shanu ko shinkafa. Na karanta: na shika alkawari. Shika kuwa a bakin mutanenmu ai saki ne. Kuma ba ranar na fara ganin kalmar nan a rubuce haka ba. Shekara biyar da suka wuce mijin Yaya Hindatu ya aiko mata da fallen kaye, wato littafin rubutu, daga Damagaram, ta kasa dubawa, ni na karanta mata. Na chika ki. Harafi da harafi, haka aka rubuta.

Kwana uku na yi ina kuka. A na huɗu na wanke fuska, don ni ba a yi mini wulakanci sau biyu. Na je na durƙusa gaban Baba na ce Ubaidullah ya janye, in har Mahdi yana nan a kan bakansa, na amince. Baba ya tambaye ni sau uku ko na tabbata. Sau uku na ce e. Ba wanda ya tilasta mini, da ƙafata na je.

To, wannan littafin na ɗauko zan mayar.

Shagon Mushe ɗaki ɗaya ne, ƙofar kwano, in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya jira a waje. Katakon da aka jera littattafai a kai ƙafafunsa na cikin gwangwanayen madara cike da toka, saboda gara. Can sama littattafan addini, a tsakiya na makaranta da kaye da bik, wato biro, ƙasa kuwa, daidai inda hannun mace zai kai ba tare da ta tambayi kowa ba, littattafan soyayya. Duk wanda bangonsa ya yage, Mushe zai yi masa sabo da takardar buhun siminti da ƙaro, ya rubuta sunansa da kyakkyawan rubutunsa na allo. Yanzu mutane a waya suke karatu, masu zuwa sun ragu, amma kullum yana buɗewa tun hantsi ya share ƙofa kamar za a yi layi.

Muka yi sallama. Yana zaune yana ɗinke wani littafi da allura. Da can in ya ji muryata har tasowa yake yi yana cewa ga Madam ga Madam. Ranar nan ko kai bai ɗaga ba. Ya amsa a taƙaice, ya ce in ajiye a nan, Allah ya sanya alheri a abin da za a yi gobe.

Na ajiye. Yaya Hindatu ta ja gefen hijabina mu tafi. Ni kuwa ƙafata ta ƙi.

“Mushe, laifin me na yi maka?”

“Ni? Ba ki yi mini komai ba, ɗiyata. Kowa da zaɓinsa.”

“To me ya sa kake amsa mini kamar baƙuwa?”

Ya soke allurar a jikin hularsa, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce tunda na tambaya zai faɗa, ko da ba huruminsa ba ne. Ya ce ya koyar da yara shekara talatin da biyu, ya ga masu wayo ya ga marasa wayo, amma bai zaci ina cikin masu juya wa mutum baya ranar da ya gama zubar da duk abin da ya mallaka saboda su ba.

Raina ya ɓaci, har kunnuwana suka yi zafi. Na ce ashe haka ya zo ya faɗa? Shi ya shika ni, sannan ya zagaya yana neman tausayi? Na fizgi littafin na zazzage shi, takardar ta faɗo kan tebur. Na ce ga ta nan, ya karanta da idonsa.

Mushe ya ja baya. Ya ce shi a ƙa'idarsa ba ya buɗe takardar mutane. Akwai wani gwangwanin alewa a gefensa cike da abin da ake mantawa cikin littattafai, hotuna da wasiƙu da katin asibiti, ko ɗaya bai taɓa dubawa ba. Na ce ni mai ita na ba shi izini.

Ya goge tabarau, ya ɗauka. Na ga leɓensa na motsi. Ya karanta sau ɗaya, ya sake karantawa, sannan ya ɗago a hankali.

“Ke me kika karanta a nan?”

“Abin da ke rubuce. Na shika alkawari.”

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Ya tashi da ƙyar, ya jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin tebur, ya juyo mini gefensa. Da baƙin alƙalami an rubuta: kayan Mushe Isufu, littafi arba'in a chiki.

“Karanta mini kalmar ƙarshe.”

Na zura wa kalmar ido.

“A ciki,” in ji shi. “Ba a shiki ba. Ɗiyata, yaron nan da Turancin Ingilishi ya yi makaranta. Su can, da yawansu in za su rubuta ci, sai su sa c da h. Mu nan sai mun sa t a gaba. Cika ya rubuta miki. Na cika alkawari.”

Na ce a'a. Ban san me ya sa na ce a'a ba. Ya ɗora yatsansa a layin ƙarshe, kamar yadda yake yi wa ƴan aji ɗaya.

“Dubi nan. Allah ne shaida. Da me ya fara shaida? Da s da h. Da shika yake nufi, da haka zai rubuta ta. Amsar tana cikin takardar tun ranar farko.”

Wata ɗaya da rabi takardar nan tana ƙarƙashin kaina. Na karanta ta ya fi sau ɗari. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin ina jan kunnensu a kan harafi, ni da nake zagaye kuskure da jan bik, ban taɓa kallon kalmar ƙarshe ba. Muryarsa na sani, ban san hannunsa ba. Duk shekara biyun nan baki da baki muke magana, a waya ma murya yake aiko mini.

Na zauna a kan kwalin. Yaya Hindatu ta dafa bango tana salati, don ita ma na nuna mata takardar a lokacin, ita ta ce mini maza duk hannunsu ɗaya ne.

Mushe ya ba ni sauran labarin, idonsa a ƙasa. Ubaidullah ya sayar da rabonsa na shanun gado, har da saniyar da uwarsa ta bar masa. Ya sayi fili a bakin gari ta hanyar Bande, ya yi ɗaki biyu, ya sa ƙofa. Zaman da aka gan shi yana yi a Babura, kwano da katako ya je nema a wurin kawun. Baffansa Hammadu, wanda ya kamata ya zo nema masa auren, ya yi fushi ya ce wanda ya watsar da garken ubansa saboda mace ya nemi wani waliyyin. Shi ya sa bai turo manya ba, ya rubuto mini in sanar da Baba kafin ya shawo kan baffan.

“Duk Alhamis sai ya tambaye ni ko kin bar amsa,” in ji Mushe. “Da labarin sa ranarki ya fito, ya ce zai je ya ji daga bakinki. Ni na hana shi. Na ce mace ta zaɓa, ka riƙe mutuncinka. Ni na hana shi, ɗiyata.”

Kafin in ce wani abu, na ji tsayuwar babur a ƙofa. Ko a cikin babura ɗari na san ƙarar wannan.

Ya shigo da kwali a kafaɗa, yana sallama. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ni sai ya katse sallamar. Ya sauke kwalin a hankali, ya gaida Yaya Hindatu, ya ce wa Mushe zai dawo an jima, ya juya.

“Ubaidu.”

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Ki yi haƙuri, ban san kina nan ba. Allah ya ba da zaman lafiya.”

“Ka tsaya ka ji.”

“Me zan ji, Ruma? Goronki har Dungas ya kai. A hannun mutane na gan shi.”

Kuka ya ci ƙarfina. Mushe ne ya kamo hannunsa ya zaunar da shi a kan benci, ya shimfiɗa takardar, ya yi masa bayani kamar yadda ya yi mini. Ina kallon fuskarsa. Da farko bai gane ba. Ya ce ai cika ya rubuta, ga ta nan, kowa ya gani. Mushe ya ce ya ba Hindatu ta karanta. Yaya ta duba, ta ce cikin sanyin murya, “Shika.”

Ya daɗe yana kallon rubutun hannunsa. Sai ya yi wata ƴar dariya marar daɗi, hawaye na bin ta.

“Sau huɗu na rubuta takardar nan ina yagawa. Ina tsoron kada malama ta ga rubutuna ta raina ni. Na ce bari in taƙaita don kada in yi kuskure.”

“Laifina ne. Ni ban duba ba.”

“Ba harafin ke damuna ba, Ruma.” Ya ɗago ya dube ni, karo na farko. “Ko da shika na rubuta da gaske, ke sai ki yarda? Shekara biyu kin san ni. Wata goma ina cin rana a hanyar Kano. Takarda mai layi uku ta zo, ba ki ce bari in tambaya ba?”

Wannan tambayar ta fi komai yi mini ciwo. Na ce an gaya mini an gan shi a Babura. Na ce na taɓa ganin kalmar a takardar Yaya. Na ce na ji kunyar a ce na bi namiji ina roƙo. Ina faɗa ina jin yadda hujjojin suke zubewa tun kafin su kai kunnensa.

“Kai ma ai ba ka zo ba,” na ce daga ƙarshe. “Ka ji an sa mini rana ka yi shiru.”

“Na zo. Har bakin layinku na zo, ranar da aka kawo kayan sa rana. Na ji guɗa, na ga motar su Mahdi. Na tsaya a gindin dalbejiyar nan har aka kira la'asar. Na ce wa kaina, ta ga ma'aikaci mai albashi, ta ga mai bin shanun da ko shanun ba shi da su yanzu. Me zan shiga in ce?”

“Ka ɗauka haka nake?”

“Ke ma ai kin ɗauka haka nake.”

Wata mata ta leƙo tana tambayar kaye mai shafi ɗari, Mushe ya ce mata yau ba a buɗe ba.

Ubaidullah ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli guda biyu ɗaure da zaren buhu, da wata takarda a cikin leda. Ya ajiye su a kan tebur kusa da littafin. Ya ce kullum da su yake yawo, bai taɓa kwana a gidan ba. Ya ce ya yi wa ɗaki ɗaya kanta a bango, katako uku, don na taɓa ce masa ba na son littattafaina su zauna a cikin akwati.

Na rufe fuska da hijabi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna.

“Shekarar da Baba ya ba ka ba ta cika ba,” na ce da na sami numfashi. “Saura kwana goma sha biyu.”

“Aurenki kuma saura kwana ɗaya.”

“Zan gaya masa.”

“Mahdi fa? Bai yi miki komai ba. Ni ma bai yi mini ba. Ya taɓa ɗinke mini ƙafa da na faɗi da babur, bai san ko ni wane ne ba.” Ya share ido da bayan hannu. “Ba zan ce ki je ba, ba zan ce kada ki je ba. Ina nan shagon har magariba. In ba a aiko ba, na gane. Wannan karon ba sai an rubuta ba.”

Na kwashi takardun biyu, tasa da ta gidan. Da muka kai ƙofar gida Yaya Hindatu ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata. Na ce ba ita ta yi shekara goma sha huɗu a makaranta ba, ni ce.

Gida ya cika. Ƴan uwa daga Kwaya sun iso a amalanke, an kafa tukwane a tsakar gida, mahaifiyar Mahdi da kanta ta aiko da turaren wuta ta ce a ba ɗiyarta. Gwaggo ta hango ni ta fara faɗa, na wuce ta kamar ban ji ba, na shiga ɗakin Baba.

Yana zaune a kan darduma, yana duba sunayen waɗanda aka kai wa goro. Na durƙusa na miƙa masa guntuwar takardar. Ya sa tabarau.

“Na shika alkawari,” ya karanta. “To, ai wannan kin gaya mini tuntuni.”

Na nuna masa kalmar ƙarshe. Na gaya masa abin da Mushe ya ce. Na miƙa masa takardar gidan. Ya buɗe ledar, ya duba suna, ya duba kwanan wata, ya ɗaga ta sama yana duba hatimin kamar yadda ya saba a wurin aiki.

“Takardar nan ba ta da aibi,” ya ce. “Yaron ya yi abin da na ce.”

“Baba, ka yi masa alkawari.”

“Na yi. Kuma na yi wa Alhaji Umar, uban Mahdi, a gaban mutane, bayan na tambaye ki sau uku. Sau nawa na tambaye ki, Ruma'isa?”

“Uku.”

“Na tilasta miki?”

“A'a, Baba.”

“Shekara arba'in muna tare da mutumin nan. Shi ya shiga kabarin uwarki ya karɓe ta. Baƙinsa sun taso tun daga Damagaram, suna hanya. Ki gaya mini da wane baki zan je in ce masa ɗiyata malamar lakwal ce ta kasa karatu?”

Ban taɓa ganin hawaye a idon Baba ba sai ranar. Bai bar su sun zubo ba, amma na gan su.

Bik ɗinsa na kan darduma. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Na jawo guntuwar takardar, na ɗora ta a gwiwata, na matsa ƙaramin t a gaban kalmar, a ɗan wurin da ya rage. Tawada ta ɓata mini yatsa. Na tura masa.

“Ga shi, Baba. Harafi ɗaya ne.”

Ya ɗauka ya duba. Ya gyaɗa kai a hankali.

“Yanzu kam ta karantu,” ya ce. “Amma ɗiyata, shekara talatin ina wannan aiki. Gyaran da aka yi bayan an buga hatimi, ban taɓa ganin an karɓe shi ba.”

Na kifa kaina a ƙafarsa. Na ce ya yi mini rai. Na ce in an ɗaura gobe zan zauna, zan yi wa Mahdi biyayya, ba zan ba shi kunya ba, amma ya sani mutum biyu ya binne, na ukun kuma an ba shi matar da zuciyarta ke wani gida. Ya ɗora hannu a kaina, ya bar shi a nan, har aka fara kiran azahar.

Bai mayar mini da takardun ba. Ya ninke su tare, ta gidan da guntuwar, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ya ɗauki hula. Ya leƙa ya ce wa Yaya Hindatu ta miƙo masa takalminsa na fita, ba na masallaci ba.

Na biyo shi har tsakar gida. Daga ƙofarmu, gidan Alhaji Umar yana dama, shagon Mushe yana hagu. In na kai zaure zan ga inda ya karkata.

Ban kai ba. Gwaggo ta cafke ni a bakin rumfa, tana cewa lalle ya gaji da jira. Mata suka kewaye ni, wata ta rangaɗa guɗa a kunnena. Aka zaunar da ni a kan tabarma, aka juya mini baya ga ƙofa. Gwaggo ta kama hannuna na dama, ta ga tawadar da ke yatsana, ta yi tsaki ta ce wai har yau ban bar rubutu ba.

Ta ɗebo lalle ta shafe wurin.